Asalin Kalmar Wadulanci

Ban taɓa mantawa da safiyar da Bature ya sa na taka birki a tsakiyar hanyar kasuwar Batha ta Riyad ba, ya juyo ya ce in nemo masa mutumin da ya mayar da sunansa kalma. Ku direbobin yanzu kuna faɗin kalmar a garejin nan kullum. In an yi wa mota rumfa an bar direba a rana, sai ku ce wadulanci. Ba wanda ya san inda ta fito. Ni na sani, a gabana aka haife ta. Ban yi makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana. Zan faɗa sau ɗaya, mai alƙalami ya rubuta.

Sunana Tanko, mutumin ƙasar Kano. Na yi dako a tashar jirgin ruwa ta Ikko, can na tsinci ɗan Turancin da nake da shi. Daga nan na bi ƙasa: Cadi, Sudan, gonakin auduga, sai wani jirgin ruwa mai yoyo. Mun taso da yawa, kaɗan muka iso. Ba wannan labarin nake ba ku ba.

Na shigo Riyad a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya yi ambaliya. Garin duk rami ne da rodi. Ka wuce fili da safe, ka dawo da yamma ka tarar an kewaye shi. Wani kamfanin Turawa ya ɗauke ni direba. Muna gina ɗakunan ajiya da wani dogon ofis a kudancin gari, wajen da masana'antu suka cika yanzu.

Ga tsarin wurin, don wanda bai sani ba. Mudir, wato babban shugaba, yana sama, ba ma ganinsa. Ƙarƙashinsa injiniya. Kusa da injiniya akwai Baturen safiyo mai awon ƙasa. Sai heluma, wani Bayamane mai suna Abu Salim. Sai birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi, leburori kuma a can ƙasa. Kowa yana da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma kamfani ne ya tsaya masa. Ranar da injiniya ya ce ba ya son ganinka, a buga maka huruj, hatimin barin ƙasar, a sa ka jirgi. Ba ƙara, ba roƙo.

Injiniyan shi ne Mista Wadulo. Shi yana cewa Wadlo, mu muka ga ya yi gajere muka gyara masa. Dogo ne, ja kamar an wanke shi da manja. Ya taɓa aikin gada a Arewa, ya zo da Hausa guda uku: sannu, maza-maza, ba kyau. Ta ƙarshen ta fi fita a bakinsa. A gabana ya sallami wani lebura don ya ƙara ruwa a kwaɓin siminti ba a sa shi ba. In an tashi aiki sai ya shige ɗakinsa, ka ji tafireta tana tak-tak-tak. Mu duk mun yarda sunayen waɗanda za a kora yake bugawa.

Aikina ɗauko ƙanƙara ne. Bayan sallar asuba in tafi wata masana'anta kusa da Batha, a loda mini manyan dunƙule, kowanne ya kai tsayin yaro, a zuba garin katako, a rufe da buhunan algarara da tamfol. Ba don mutane ba ce. Ta siminti ce. A farfasa ta, a zuba cikin injin kwaɓi a madadin ruwa. In an zuba ginshiƙi kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, a sa mutum guda yana ta yayyafa masa ruwa har kwanaki. Dokar Wadulo ce. Wanda ya ɓalli ƙanƙara ko kamar ƙwayar goro ya sa a baki, ya san sauran.

Mu kuwa ruwan shanmu yana cikin duro na ƙarfe a tsakiyar fili. Da hantsi ya yi ɗumi. Da azahar ganyen shayi kawai yake jira.

Akwai wani birkila, Ɗan'azumi, Badamagare. Hannunsa yana da kyau, bakinsa ya fi hannun sauri. Ni Bakano, shi Badamagare, kun san abin da ke tsakani. Kullum yana cewa kakansa ya taɓa korar kakana har bakin ganuwa. Ni ina cewa to ga shi yau jikan yana hawa bayan motata.

Wata rana a tsakiyar zafi, wajen watan Rajab, ya ɗebi ruwan duro ya kurɓa, ya furzar. Ya tsaya yana kallon leburori biyu suna lulluɓe wani ginshiƙi.

"Ku ja masa har wuya," in ji shi. "Kada ya kwana da zazzaɓi. Yaya Tanko, tambayi maigidanka ko a kawo mafici a yi masa fifita."

"Ja bakinka," na ce.

"Na ja. Amma dutse ya sha sanyi, ɗan Adam ya sha zafi, wannan ba aiki ba ne. Wadulanci ne."

Aka yi dariya, aka koma aiki. Na ɗauka ta mutu a nan.

Ba ta mutu ba. Wani ɗan Sakkwato ya sayi sabon takalmi, ya ɗora shi a ka yana tafiya a kan yashi mai ƙuna don kada ya lalace, aka ce wadulanci. Abu Salim ya saya wa rediyonsa laima, shi yana zaune a rana, aka ce wadulanci. Kuku ya wanke tukunya da ruwan kirki ya dafa mana shinkafa da na tanki, wadulanci. Yamanawa suka ɗauka. 'Yan Pakistan suka ɗauka, suna murɗa ta yadda bakinsu ya iya. Ni da kunnena na ji mai shayi a Batha ya faɗa wa wani da ya sa wa akuyarsa riga.

Abin da ya shiga baki da yawa ba ya ɓoyuwa. Wata safiya Wadulo yana wucewa, wani kafinta ɗan Pakistan ya hango abokinsa yana goge guduma da rawaninsa, ya ɗaga murya daga saman katako ya sakar masa kalmar. Wadulo ya tsaya cak. Ya ɗaga kai. Sannan ya wuce.

Kashegari ya ce zai bi ni ɗauko ƙanƙara. Bai taɓa yi ba. Muna tsakiyar hanya ya ce in tsaya. Na tsaya, motoci suna ta yi mana oda.

"Tanko. Wadulanci. Sunana ne a ciki?"

"Sunanka ne."

"Wutsiyar nan da aka liƙa wa sunana ta Hausa ce. Na san Turanci, na san Larabci. Mutanenku ne suka yi."

Na dubi hanya. Ya ci gaba.

"Wa ya fara faɗa? Mutum na farko nake so. Ka kawo mini shi kafin mu zuba rufin ofis."

"To," na ce. Ita ce kalmar da ba ta da laifi a kowane yare.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka taru a inuwar ɗakin kwananmu. Na faɗa musu yadda aka yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Aikin ya kusa ƙarewa, kuma kowa ya san daga rufin ofis za a zaɓi waɗanda za a riƙe a sabon aiki, sauran a sallame su. A wurinmu, in ka saka sunan babba a waƙa, ko yabo ne ko zambo. Wannan kuwa ba wanda zai ce yabo ne.

Ɗan'azumi ya zauna daɓas a ƙasa. Matsalarsa ta fi ta kowa. Bai yi Hajji ba tukuna, saura 'yan watanni a hau Arfa. Amma tun ranar da ya bar Damagaram mutanen garinsu suka fara kiransa Alhaji. Matarsa tana amsa Hajiya a gidan biki. Surukinsa ya riga ya faɗa a masallaci.

"In aka sa ni jirgi yanzu, da wane ido zan sauka?" ya ce. "Alhajin me? Alhajin bulo?"

"Ka ce ka yi Umra," in ji ɗan Sakkwaton.

"Ban yi ba."

"To ka sayi haƙorin Makka. Ba a tambayar haƙori takarda."

Akwai Malam Habibu, ɗalibi daga Zariya da ke karatun addini a garin, yakan zo mana Juma'a don tuwo. Aka ce ya ba da shawara. Ya gyara zama ya ce abin ba baƙo ba ne, Larabawa ma suna jingina abu ga sunan mutum, mazhabobin nan da muke bi duk sunayen malamai ne aka yi wa ƙari.

"Malam, ba fatawa muke nema ba," in ji Ɗan'azumi. "Ka je ka ce masa sunan wani ƙauye ne a Nijar."

"Ba na ƙarya."

"To ka ce ba ka sani ba."

"Yanzu na sani. Kun faɗa mini."

"Mayar mana da tuwonmu."

A ƙarshe aka yanke shawara a kashe kalmar. Duk wanda ya sake faɗinta, shi zai yi wa ginshiƙai ban ruwa ranar. Kashegari kafin la'asar mutum shida suna riƙe da bokiti, har da wanda ya kawo shawarar. Wani ya dube su ya ce hukunta mutum da shayar da dutse ai shi ne ainihin wadulanci. Ya zama na bakwai.

Kullum Wadulo ya gan ni sai ya ce, "Tanko, ina mutumin?" In ce ana nema. Ba ƙarya na yi ba. Shi yana nema.

Ana gobe zubin rufi ya gaji da ni. Ya sa Abu Salim ya sanar cewa da safe duk Bahaushen da ke wurin zai shiga layi, zai tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kuma zai leƙa ɗakin kwana don masu ciwon ƙarya.

Da asuba na je tayar da mota na tarar da Ɗan'azumi a ciki.

"Yaya Tanko, ni ba na iya kallon idon mutum in yi musu. Dariya take zo mini."

"Sai me?"

"In mun loda, in shige baya. Layi ba ya daɗewa. Ana fara sauke ƙanƙara in zame in ɗauki cokalin ginina kamar ina nan."

"Akwai sanyi."

"A Riyad? Wata nawa ina roƙon Allah sanyi."

"Ni ban gan ka ba," na ce.

Muka loda. Ya kwanta tsakanin dunƙule biyu, ya ja jiƙaƙƙen buhu har wuya, yana murmushi kamar ango. Na ja tamfol.

Da muka iso, injin kwaɓi ya lalace. Makanikai suna ƙarƙashinsa. Ba a fara zubi ba, ba a sauke ƙanƙara ba. Wadulo ya ce kada a buɗe tamfol ko kaɗan, iska za ta shiga. Da hannunsa ya ƙara ɗaure igiyoyin. Sannan ya ce ya lura kwanan nan ƙanƙara tana raguwa fiye da yadda rana ke ci, don haka yau shi zai yi gadi. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna a inuwar motar, bayansa a jikin bodi. Ya ce a yi layin a nan gabansa.

Muka yi layi. Yana tambaya, ina fassarawa. Kowa ya ce a bakin wani ya ji. Ɗan Sakkwato ya ce a bakin Bayamane. Aka kira Bayamane ya ce ɗan Pakistan. Aka kira ɗan Pakistan ya ce a ƙasarsu ma kakarsa tana faɗa. Rana ta ɗaga. Injin bai tashi ba. Ruwa yana ɗiga daga ƙasan mota, ni ina kallon ɗigon ina lissafin yadda ake sallar gawa.

Can sai aka yi atishawa a cikin tamfol.

Wadulo ya juya. "Tanko. Ƙanƙara tana atishawa?"

"Ba ta saba ba," na ce.

Da abin ya tsaya nan, da an wuce. Wani a layi har ya fara murza hanci don ya ɗauki laifin. Amma Ɗan'azumi ɗan Musulmi ne, an yi masa tarbiyya. Daga cikin buhu wata murya mai karkarwa ta ce, "Alhamdu lillahi."

Layi gaba ɗaya, har da Abu Salim, har da makanikan da ke ƙarƙashin inji, suka amsa, "Yarhamukallah."

Ni ma na amsa. Baki ne, ya saba.

Wadulo ya kwance igiya, ya ɗaga tamfol, ya ɗaga buhu. Ga Ɗan'azumi a dunƙule, leɓɓansa sun yi fari, garin katako har gira, haƙora suna kaɗawa kamar tafiretar maigidan.

"Wannan fa?"

Na duba. Ba sauran abin ɓoyewa. "Shi ne," na ce.

Aka sauko da shi, ƙafafunsa ba sa miƙewa. Ya durƙusa, ko don ladabi ko don sanyi. "Yaya Tanko, ka ce masa ina da iyali. Ka ce ya bari in hau Arfa, in na sauko ya kore ni sau biyu."

Ban kai ga fassarawa ba. Wadulo ya cire hularsa ya kama hannun Ɗan'azumi da hannu biyu yana girgizawa. Fuskarsa ta washe. Tunda nake da shi ban san yana da haƙoran sama ba sai ranar.

"Sannu," ya ce. "Sannu. Sannu."

Ɗan'azumi ya dube ni. "Haka suke yi kafin su kori mutum?"

"Ban sani ba. Leburan nan mai ƙara ruwa a kwaɓi bai samu sannu ba."

Aka kai mu ofis mai na'urar sanyi. Ɗan'azumi ya roƙa a kashe ta. Wadulo ya lulluɓe shi da bargonsa, ya haɗa masa shayi da kansa, sannan ya aika a kira Baturen safiyo. Wannan gajere ne mai tumbi, kullum suna musu da Wadulo a wurin cin abinci.

Nan muka ji zancen. Wadulo ya ce in fassara a hankali. A ƙasarsu, in ji shi, akwai girman da ya fi lambar yabo. In marubuci ya yi ta rubutu a kan abu iri guda har mutane suka san shi da shi, sai su ɗauki sunan gidansu su ƙara masa 'yar wutsiya, ya zama kalmar da ake siffanta abu da ita. Ba sarki ke bayarwa ba, ba a saya, ba a roƙa. Wani ne kawai zai fara faɗa, wasu su ɗauka. Masana kuma su zo daga baya suna tono, suna neman wanda ya fara da ranar da ya fara, kuma yawanci ba sa samu.

"Ni na samu," in ji shi. "Ga shi nan yana shan shayina."

Ashe tak-tak ɗin nan littafi yake rubutawa. Ya riga ya buga ɗaya a ƙasarsu, labarin wani injiniya a cikin hamada. Ya nuna mana. Kwafi da yawa ne, wasu a kwali, biyu suna tallafe da ƙafar tebur. Safiyo ya ce mutum uku suka karanta: Wadulo, da uwarsa, da mai ɗab'i, shi ma don dole. Ashe safiyon ya taɓa gaya wa Wadulo cewa sunansa ba zai zama kalma ba ko a bakin aku.

"Yamanawa suna faɗa," in ji Wadulo. "'Yan Pakistan suna faɗa. Tanko, gaya masa."

"Har mai shayi a Batha," na ce.

Ɗan'azumi ya fara dawowa hayyacinsa. Ya miƙa kofi a ƙara. Ya ce in gaya wa Bature cewa kalmar ta daɗe tana yi masa yawo a ka, ba dare ɗaya ya ƙera ta ba.

Sai safiyo ya zauna a gefen tebur, ya ce, "Madalla. To me take nufi?"

Wadulo bai taɓa tambaya ba. Murna ta hana shi.

Ɗan'azumi ya ajiye kofi. Da Hausa, ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ka ce hikima. Ka ce aiki mai tsari. Don girman Allah, Bakano, yau ɗaya ka yi ƙarya irin ta kasuwarku."

Na so in yi. Amma Turancina na tashar jirgi ne. Akwai ɗauka, akwai ajiye, akwai zafi, akwai sanyi. Babu hikima a ciki. Na laluba ban samu ba. Kuma Bature biyu suna kallona.

Na ce, "Dutse ya sha sanyi. Mutum ya sha zafi. Shi ke nan."

Safiyo ya yi dariya har ya zame daga tebur. Wadulo ya ƙara ja a kan jan da yake da shi. Ɗan'azumi ya ja bargo ya rufe kansa, daga ciki yana cewa, "Alhajin bulo. Shi ke nan, Alhajin bulo."

Da Wadulo ya samu murya, sai ya ce ai a ƙasarsu ma yawancin irin waɗannan kalmomi ba na daɗi ba ne. Wani ya yi rubutu a kan ofisoshin da ke juya mutum har ya tsufa, yanzu sunansa ake kira in an shiga irin wannan wahala. Wani a kan unguwannin talakawa, sunansa ya zama na ƙazanta da yunwa. Ba wanda ya ce su mugaye ne.

"Su rubuta wahalar suka yi," in ji safiyo yana share hawaye. "Kai yin ta ka yi."

Wadulo ya sa hularsa ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bayan sito, inda aka taɓa zuba wani daɓe da rana tsaka kafin zuwansa, ba ƙanƙara, ba buhu. Duk ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Ya sa dunduniya ya ɓantare gefe. Ya ce siminti yana yin zafi da kansa in yana kamawa, in rana ta ƙara masa sai ya fashe. Rufin da za mu zuba yau mutane za su zauna a ƙarƙashinsa. In ya fashe, a kansu zai sauka.

Gaskiya ce. Na gani da idona.

Ɗan'azumi yana tsaye cikin bargo a rana. Tunda ya ga jirgi ya riga ya tabbata, sai bakinsa ya dawo.

"Ka ce masa mun yarda. Dutse ya sha, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba mu ce a hana shi ba. Mu dai mun ce mu ma muna da maƙogwaro."

Wannan Turancina ya iya. Na faɗa.

Wadulo ya dubi duron da ke tsakiyar fili. Ya tafi, ya tsoma hannu, ya fizge da sauri. Shekara guda yana wucewa ta gabansa, bai taɓa taɓawa ba. Ya dawo yana yarfe yatsu, ya ja ni gefe, ya rage murya don kada safiyo ya ji.

"Tanko. In na sa ƙanƙara a duron nan, za su daina faɗin kalmar?"

"Wataƙila."

"Ta mutu ke nan?"

"Wataƙila."

Ya tsaya yana tunani. Wallahi ya daɗe. Mutum yana auna sunansa da ƙishirwar mutane, kuma ana gani a fuskarsa ba abu ne mai sauƙi ba. Can ya yi ajiyar zuciya.

"Daga gobe ka ƙaro dunƙule biyu. A yi wa duron rumfa."

"Shi fa?" na nuna Ɗan'azumi.

"Shi me?"

"Huruj."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Mutum ɗaya ne a duniya ya yi wa sunana aiki. In kore shi? Yana sabon aiki tare da ni. Amma in na sake samunsa a cikin ƙanƙarata, ba kyau."

Na fassara. Ɗan'azumi ya yi atishawa. Wannan karon har Wadulo ya motsa baki da aka amsa.

Injin ya tashi, aka zuba rufi da abin da ya rage na ƙanƙara. Kafin azahar labari ya zaga cewa mai kalmar ya sha shayin Bature kuma an riƙe shi. Mutum uku suka zo mini a ɓoye, kowanne ya ce shi ya fara faɗa, Ɗan'azumi a bakinsa ya ji. Har ɗan Pakistan mai kaka. Na ce su je su kwanta a bayan mota tukuna, in sun fito mu yi magana.

Ɗan'azumi ya yi mura har aka shiga azumi. Ya hau Arfa a shekarar. Ya koma Damagaram bayan wasu shekaru da sunansa na halal, ya rasu a can. Wadulo ya tafi ƙasarsu da aikin ya ƙare. Ko ya gama littafi na biyu, ban sani ba. Ranar da na kai shi filin jirgi, abu ɗaya ya tambaye ni: ana faɗa har yanzu? Na ce ana faɗa. Ruwan duro ya yi sanyi, amma duniya ba ta rasa masu saya wa rediyo laima ba. Ya ji daɗi ƙwarai.

Abin da na koya a aikin nan kaɗan ne. Maigida yana iya buga sunansa a bangon littafi, ko a ƙofar ofis. Wannan nasa ne. Amma sunan da zai rage, na ƙasa da shi ne suke raɗa masa, kuma daga abin da suka sha a hannunsa suke ɗebowa. In kun samu mutane a ƙarƙashinku, ku riƙa tsoma hannu a duronsu.

Kwanan baya wani direba a nan garejin ya faɗi kalmar a gabana. Na tambaye shi ko ya san asalinta. Ya ce Indiyanci ce, a wurin makanikai ya ji, kuma ya tabbata. Na ce sunan wani Bature ne, kuma wani Badamagare ya ƙera ta. Ya ce, "Baba Tanko, tsufa ya fara taɓa ka." Ban yi musu da shi ba. Yana cikin goge gilashin mota da ruwan gora mai sanyi, shi kuwa leɓɓansa sun bushe.